Ina Za A Sa Kwaɗon Rumbun Bayanai: A Manhaja, A Muƙami, A Taga Ko A Sahu?

Wata safiyar Disamba, cikin irin sanyin Jos ɗin nan da ke sa mutum ya riƙe kofin shayi da hannu bibbiyu, wata likita mai asibitin kanta ta kira ni a waya. Rassa uku gare ta: ɗaya a Bukuru, ɗaya wajen Terminus, ɗaya a Unguwar Rogo. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Injiniya, don Allah ka zo yanzu." Wata mata ce ta yi gwajin ciki a reshen Bukuru, ba ta faɗa wa kowa ba, amma kafin ta isa gida uwar mijinta ta riga ta ji. Da aka bi sawu sai aka tarar yarinyar da ke karɓar kuɗi a reshen Unguwar Rogo ƙanwar mijin ce.

Na zauna a kujerar yarinyar na duba kwamfutarta. Wanda ya rubuta manhajar ya yi ƙoƙarinsa: babu maɓallin sakamakon gwaji a shafin mai karɓar kuɗi, kuma majinyatan reshenta kawai take gani. Sai dai can ƙasa akwai wani ɗan maɓalli na sauke rahoton kuɗin rana zuwa Excel. Na danna. Sai ga rasit ɗin rassa ukun gaba ɗaya, da sunan kowa, da lambar wayarsa, da abin da ya biya kuɗinsa. Ga sunan matar, ga "gwajin ciki" a gefe. Yarinyar ba ta fasa komai ba, ba ta saci kalmar sirrin kowa ba. Ƙofa ta tarar a buɗe ta leƙa.

Likita ta ce, "To a gyara maɓallin." Na ce, "Ranki ya daɗe, gyaran maɓallin ba zai ɗauki minti goma ba. Abin da ya kamata mu zauna a kansa shi ne inda za mu sa kwaɗon, don kada gobe wani maɓallin ya sake yi mana haka." Hanyoyin da na shimfiɗa mata ranar su ne zan kwatanta a nan, domin duk mai riƙe da bayanan mutane, makaranta ce, ko kantin magani, ko ƙungiyar adashe da lamuni, zaɓin da ke gabansa ke nan.

Mu fara daidaita kalmomi. Rumbun bayanai irin wanda Edgar Codd na kamfanin IBM ya zayyana a 1970, wanda manhajojin rumbu irin su MySQL da PostgreSQL da SQL Server da Oracle duk suka gina a kansa, yana ajiye komai a tebur, kamar littafin rajista mai layi-layi. Kowane majinyaci sahu ɗaya ne a kwance. Suna, waya, reshe, cuta, kowanne ginshiƙi ne a tsaye. Izini mai tsefewa shi ne ka iya cewa wane zai ga waɗannan sahu ban da waɗancan, zai ga wannan ginshiƙi ban da wancan, zai karanta amma ba zai goge ba.

Kwaɗo a cikin manhaja

Nan kusan kowa ke farawa, ni ma nan na fara. Manhaja tana shiga rumbun da asusu ɗaya tilo mai ikon komai, sau da yawa ma root ne, wato babban asusun rumbun, sannan mai rubuta ta ya riƙa liƙa sharaɗin reshe a ƙarshen kowace tambaya da yake aika wa rumbun. Kada a raina wannan hanya. Manhaja ce ta san wanda ya shiga, ita ta san cewa wannan nas ɗin tana aikin dare ne, ita za ta iya nuna saƙo mai daɗin ji maimakon kuskuren Turanci mai tsoratarwa. Tana aiki a kan kowane rumbu, har SQLite da ba shi da GRANT ko REVOKE (umarnin ba da izini da na janye shi) kwata-kwata. Kayan gina manhaja irin su Laravel da Django ma suna da dabarun da ke liƙa sharaɗin kai tsaye, ba sai an tuna kowane lokaci ba.

Matsalarta ita ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. Manhajar asibitin nan tana da tambayoyi birjik, an sa sharaɗin a kusan dukkansu, an manta a ɗaya, kuma ɗayar ce ta kai magana gidan surukai. Dabarun liƙa sharaɗi ma ba sa bin mutum idan ya rubuta tambayar da hannunsa, kuma rahoton kuɗi shi ne daidai wurin da masu manhaja suka fi rubutawa da hannu. Ba mu kaɗai ba ne: a jerin ƙungiyar tsaron manhajoji ta OWASP na 2021 na manyan haɗurran manhajojin intanet, lalacewar tsarin izini ce ta zo ta ɗaya. Mafi sauƙin misalinta shi ne adireshin shafi ya ƙare da lamba 4512, mutum ya mayar da ita 4513, fayil ɗin wani ya buɗe.

Sannan manhaja ƙofar gaba ce kawai. Rumbun yana da ƙofofin gefe da yawa: shafin sarrafa rumbu na phpMyAdmin, akanta da ya haɗa Excel ko Power BI kai tsaye, manhajar waya da wani ɗan kwangila zai rubuta baɗi, ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki aka ba shi kalmar sirri "don ya taimaka". Duk wanda ya bi ta nan bai ma san an sa kwaɗo a gaba ba.

Muƙami da GRANT

Wannan ita ce tsohuwar hanya, kuma har yau ita ce tushen gini. Patricia Griffiths da Bradford Wade suka bayyana tsarin bayarwa da janye izini a 1976 domin rumbun System R na IBM. A 1992 David Ferraiolo da Richard Kuhn na hukumar NIST ta Amurka suka tsara ba da izini ta muƙami: ba wa kujera ake ba iko, ba mutum ba, duk wanda ya hau kujerar ya gada, ya sauka ya bari. Ƙa'idar 1999 ta SQL, harshen da ake yi wa rumbu tambaya da shi, ta shigo da muƙamai, PostgreSQL ya haɗe masu amfani da rukunoni a matsayin muƙami tun siga ta 8.1 a 2005, MySQL kuwa bai samu ba sai siga ta 8.0 a 2018.

Da an yi wannan a asibitin, da muƙamin mai karɓar kuɗi bai taɓa ganin teburin gwaje-gwaje ba. Har ginshiƙi ana iya tsefewa:

GRANT SELECT (lamba, suna, jimilla, ranar_biya) ON rasit TO mai_kudi;

Ginshiƙin da ke faɗin abin da aka biya wa kuɗi ba ya cikin jerin, don haka ko maɓallin Excel ya roƙa, rumbun zai ƙi. Babu arha kamar wannan hanya, babu mai sauƙin bincike kamarta: tambaya ɗaya za ta nuna maka wa ke da iko a kan me. Ba ta kuma rage gudun rumbu yadda za a ji.

Amma tana da tarkuna, kuma kowane rumbu da nasa. A PostgreSQL, idan ka ba muƙami izinin tebur gaba ɗaya, daga baya ka janye na ginshiƙi ɗaya, ba abin da ya canja. Dole ka janye na teburin, sannan ka ba da ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya. Mutane da yawa sun kwana suna zaton sun kulle. A SQL Server akwai DENY, umarnin hanawa, wanda yawanci ke rinjayar GRANT, sai dai a wuri guda mai ban mamaki: GRANT na ginshiƙi yana iya tsallake DENY na tebur. A MySQL 8 kuma ba wa mutum muƙami bai isa ba, sai an kunna shi da SET DEFAULT ROLE ko an saita rumbun ya kunna muƙamai da zarar an shiga, in ba haka ba ma'aikaci zai shiga ya tarar da hannunsa wayam. Sannan duk manhajar da ta saba cewa SELECT *, wato a kawo duk ginshiƙai, za ta fara tari da zarar an kulle ginshiƙi ɗaya, domin tana neman har abin da aka hana ta. Na kuma guji WITH GRANT OPTION kamar yadda nake gudun ba wa mai gadi izinin yanka makullai: wanda ka ba zai ba wani, wani ya ba wani, ranar janyewa ka rasa bakin zaren.

Babban gibinta dai shi ne GRANT bai san sahu ba. Yana iya cewa nas ta karanta teburin majinyata, ba ya iya cewa majinyatan Bukuru kawai. Masu nacewa sai su raba teburin uku, su ƙirƙiri nas ɗin Bukuru, nas ɗin Terminus, nas ɗin Unguwar Rogo. Muƙamai biyar a rassa uku sun zama goma sha biyar. Ranar da Likita ta buɗe reshe a Rayfield sun zama ashirin. Wannan ɗaukar Dala ba gammo ce.

Taga

Abin da SQL ke kira VIEW ni taga nake ce masa: tambaya ce da aka ajiye aka raɗa mata suna, mutum ya leƙa tebur ta cikinta. Ka hana ma'aikaci teburin ainihi, ka ba shi tagar da ke nuna sahun reshensa da ginshiƙan da suka halatta. Idan ka ƙara WITH CHECK OPTION, ba zai iya shigar da sahun da zai faɗa wajen tagarsa ba, wato nas ɗin Bukuru ba za ta rubuta majinyaci da sunan Terminus ba.

Ga wanda ke kan MySQL ko MariaDB, musamman a sabar haya (kwamfutar da ake haya a intanet don ajiye manhaja) mai cPanel da yawancin ƙananan ma'aikatu ke amfani da ita, wannan ce hanyar da ta rage masa ta tace sahu daga cikin rumbun, domin MySQL ba shi da ƙa'idar sahu ta kansa. Tana aiki, amma da dabara. A tagar MySQL da ke aiki da ikon wanda ya ƙirƙire ta, CURRENT_USER() sunan mai tagar yake dawowa da shi, ba na mai leƙawa ba. SESSION_USER() ne ke faɗin wanda ya shigo. Na taɓa ganin tagar da aka rubuta da na farkon, kowa ya shiga sai ya ga babu majinyaci ko ɗaya, aka shafe yini ana zagin intanet. Kuma taga a MySQL ba ta karɓar ƙimar wucin gadi da manhaja ta ajiye a zaman haɗi, sai an zagaya ta wani ƙaramin aiki da aka adana a rumbun.

Tagogi suna yawa da sauri, kowane tebur da tasa, kuma duk lokacin da aka ƙara ginshiƙi sai an bi su an gyara. Akwai kuma yoyo mai wuyar gani: don neman sauri, rumbu na iya gudanar da sharaɗin mai tambaya kafin sharaɗin tagar, mai wayo ya yi amfani da wannan ya tsinci abin da aka ɓoye. Shi ya sa PostgreSQL ya kawo security_barrier, wanda ke toshe wannan yoyon, a siga ta 9.2 a 2012. Duk tagar da aka gina don tsaro ba don sauƙin rahoto ba, a sa mata shi.

Ƙa'idar sahu

Nan zan daɗe, domin nan ne na fi karkata, kuma nan ne mutane suka fi ganin kitse a rogo.

Oracle ne ya yi gaba da abin da ya kira Virtual Private Database a siga ta 8i, wajen 1999. PostgreSQL ya kawo nasa a 9.5, Janairun 2016, SQL Server shi ma a sigarsa ta 2016. Tunanin ɗaya ne: ka rubuta sharaɗin sau ɗaya ka manna shi a jikin teburin, rumbun da kansa ya riƙa liƙa shi a kowace tambaya, ta kowace ƙofa ta shigo.

ALTER TABLE rasit ENABLE ROW LEVEL SECURITY;
CREATE POLICY reshena ON rasit
USING (reshe = current_setting('asibiti.reshe')::int);

Da waɗannan layukan, maɓallin Excel ɗin nan da ya manta sharaɗi da rasit ɗin Unguwar Rogo kawai zai fitar. A PostgreSQL da zarar an kunna abin, idan babu ƙa'ida ko ɗaya, babu wanda ke ganin komai, wato a kulle yake farawa, kai ke buɗewa. USING yana tace abin da ake gani, WITH CHECK yana tace abin da ake rubutawa, in ba ka rubuta na biyun ba sai a yi amfani da na farkon a duka biyun. SQL Server ya raba su gida biyu, sharaɗin tacewa da sharaɗin toshewa, kuma a can idan ka sa na tacewa kaɗai, mutum na iya shigar da sahu da sunan wani reshe ko da ba zai gan shi ba daga baya.

To ga inda bango ke tsagewa ƙadangare ya samu wurin shiga. A PostgreSQL mai tebur ba ya bin ƙa'idar teburinsa sai an ƙara FORCE ROW LEVEL SECURITY, babban asusun rumbun da duk mai BYPASSRLS (izinin tsallake ƙa'idar sahu) kuwa ba sa bi ko an tilasta. Yawancin manhajoji da asusun da ya ƙirƙiri teburan suke shiga. Sai ka rubuta ƙa'idoji masu kyau, ka gwada da asusun gwaji ka ga suna aiki, manhajar gaske kuma tana wucewa ta kansu ba ta ko gaishe su ba. Dole a raba: asusu ɗaya na gina tebur, wani daban na aikin yau da kullum. A nan SQL Server ya fi tsauri, domin ƙa'idarsa tana hawa kan kowa har mai rumbun, ko da yake mai cikakken iko na iya kashe ta. Haka tagar da mai tebur ya ƙirƙira: da ikonsa take leƙawa, don haka tana tsallake ƙa'idar, sai an sa mata security_invoker don ta leƙa da ikon mai tambaya, abin da bai zo ba sai PostgreSQL 15 a 2022.

Na biyu, ta yaya rumbun zai san wanda ke zaune a gaban kwamfuta? Ko dai kowane ma'aikaci ya samu asusunsa a rumbun, ko manhaja ta shiga da asusu ɗaya ta sanar da rumbun cewa wannan buƙata ta reshe na 2 ce. Ta farko ta fi ƙarfi, amma tana wahala idan ma'aikata sun yi yawa. Ta biyu ita aka fi bi, kuma tana da rami. Manhajoji ba sa buɗe sabon haɗi ga kowane mutum, karɓa-karɓa suke yi da 'yan haɗin da ke buɗe, kamar kofin randa a bakin masallaci. Idan aka sanar da reshe da SET kawai, ƙimar tana nan manne da haɗin, mutum na gaba ya gaji reshen wanda ya gabace shi. SET LOCAL a cikin ma'amala guda shi ne daidai, yana gogewa da zarar an kammala, kuma duk mai PgBouncer, manhajar da ke raba waɗannan haɗin, a tsakani ya riƙe wannan da kyau. A gane kuma cewa wannan tsari maganin mantuwa ne, ba maganin mugu ba: wanda ya samu asusun manhajar ya shiga kai tsaye zai iya cewa shi ɗan reshe na 1 ne, rumbun ya yarda. SQL Server yana ba da damar kulle ƙimar SESSION_CONTEXT, inda manhaja ke sanar da reshe, yadda ba za a sake ta ba har a rufe haɗin, wanda ke rage ɓarnar idan an cusa wa manhaja tambayar ƙeta. Amma masu shiga ta gefe, irin akanta, asusun kansu ya kamata a ba su, ƙa'idarsu ta dogara da sunan asusun.

Na uku, yoyo ta bayan gida. Binciken da rumbu ke yi na hana maimaituwa da na alaƙar tebur da tebur ba sa bin ƙa'idar sahu, da gangan aka yi haka don kada bayanai su rikice. A ce lambar NIN mai lambobi 11 ba ta maimaituwa a teburin majinyata. Ma'aikaciyar Unguwar Rogo ta gwada yi wa matar yayanta rajista, rumbun ya ce lambar tana nan. Ba ta ga fayil ɗin ba, amma ta san matar ta zo asibiti. A asibitin haihuwa ko na masu cutar da ake jin kunyar faɗa, wannan kaɗai ya isa tsegumi.

Sauran ƙananan ne amma suna cizo. Ƙa'idar sahu ba ta ihu, shiru take ɓoye abu, don haka za a riƙa kiranka ana cewa fayil ya ɓace. Idan ƙa'idoji biyu suka hau tebur ɗaya a PostgreSQL, cika ɗaya ya isa a gani, sai dai ka ayyana wata a matsayin RESTRICTIVE, abin da ya zo a siga ta 10. Ginshiƙin reshe yana bukatar fihirisa, kuma ƙa'idar da ke leƙa wasu tebura uku kafin ta yanke hukunci za ta sa rahoton wata ya yi tafiyar hawainiya. Wajen kwafin ajiya kuwa pg_dump, makwafin PostgreSQL, yana da kirki: idan asusun da ke kwafin ba zai ga komai da komai ba, ya gwammace ya tsaya da kuskure da ya ba ka rabin kaya ka ɗauka cikakke ne.

Wani zai ce a rufe fuskar bayanan kawai, lambar waya ta fito da taurari. SQL Server 2016 yana da wannan, Dynamic Data Masking. Yana hana idon mai wucewa, amma mai ikon rubuta tambaya zai iya lalubo ƙimar ta hanyar gwada sharaɗi bayan sharaɗi har ya dace, kuma Microsoft da kansa bai ɓoye hakan ba. Labule ne, ba ƙofa ba.

Akwai hanyoyi biyu da ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Ware wa kowa rumbunsa daban ya dace da mai sayar da manhaja ɗaya ga makarantu ashirin da ba ruwan wata da wata, in ya yarda zai riƙa yin kowane gyara sau ashirin. Bai dace da asibiti ɗaya da majinyacinsa ke yawo tsakanin rassa ba. Sai kuma tsarin da Google ya bayyana a 2019 mai suna Zanzibar, da 'ya'yansa irin OpenFGA da SpiceDB, inda izini ke bin dangantaka: wane ya raba wa wane, wane yana rukunin wane. Abu ne mai kyau ga mai miliyoyin fayiloli da ake rabawa hannu da hannu. Ga asibiti mai rassa uku, ƙarin saba ce da za a ciyar da ita wuta da dizal, kuma har yanzu manhaja ce ke tambayarta, ƙofofin gefe suna nan a buɗe.

Abin da Likita ta tuna mini

Da na gama zuba, na ce mu kulle kowane reshe da majinyatansa. Ta girgiza kai. "Injiniya, kai ba a garin nan kake ba? Ranar da aka sa dokar hana fita, ko hanya ta toshe, mai naƙudar da ke awo a Bukuru in tana gidan iyayenta a Unguwar Rogo nan za a kawo ta. Ka ce nas ba za ta ga rukunin jininta ba?"

Gaskiyarta. Kwaɗon da ya fi ƙarfin masu gida, su da kansu za su ɓalle shi, kuma na san yadda ake ɓallewa: babbar nas za ta rubuta kalmar sirrin Likita a takarda ta liƙa ƙarƙashin tebur, shi ke nan kowa ya zama Likita. Saboda haka muka ƙara ɗan tebur na izinin gaggawa. Nas ko likitan da ke bakin aiki zai nemi fayil ɗin majinyaci guda, ya rubuta dalili, a buɗe masa na awa goma sha biyu, saƙo ya tafi wayar Likita nan take. Ƙa'idar sahun ta zama: reshenka ne, ko kana da izinin gaggawa da bai ƙare ba a kan wannan mutum. Masana suna kiran irin wannan ba da izini ta siffofi, wato a duba lokaci da dalili da wuri, ba muƙami kaɗai ba. NIST ta fitar da jagora a kansa a 2014. A nan ne ƙa'idar sahu ta yi wa taga da GRANT fintinkau, domin sharaɗin wuri ɗaya yake zaune, gyara ɗaya ya wadatar. Mai karɓar kuɗi kuwa ba ta cikin masu neman wannan izini, GRANT ya riga ya tsayar da ita tun daga bakin ƙofa.

Izinin gaggawa ba shi da amfani in ba a rubuta wanda ya buɗe ba. A lura, PostgreSQL ba shi da abin da ke tashi da kansa idan an karanta sahu, sai idan an rubuta ko an gyara ko an goge. Mai son sanin wa ya leƙa sai ya sa pgAudit, ko manhaja ta riƙa rubutawa. SQL Server yana da nasa tsarin binciken a ciki.

Doka ma ta shigo zancen. Bayan ƙa'idar kare bayanai ta NDPR da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa NITDA ta fitar a 2019, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya a Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC da ke Abuja. Bayanan lafiya suna cikin waɗanda dokar ta ɗauka masu tsananin sirri. Idan aka samu ɓarakar da ka iya cutar da mutane, awa 72 ke gare ka ka sanar da hukumar. Tarar manyan masu riƙe da bayanai na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ta sauran kuma miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta wajabta rufa asirin majinyaci. Ranar da aka tambaye ka wa ke iya ganin me, nuna muƙamai shida da ƙa'idoji huɗu ya fi sauƙi a kan rantsuwa cewa babu tambayar da aka manta a cikin manhaja.

To wanne za ka ɗauka? In yanzu kake fara gini, kuma bayananka suna rabuwa ta reshe ko aji ko unguwa, ni PostgreSQL zan ce, da muƙamai kaɗan masu bin aikin mutane ba wurin zamansu ba, ƙa'idar sahu ta ɗauki nauyin wurin. Kyauta ne, ba lasisi. In ma'aikatarku ta riga ta biya SQL Server, kada ka tashe ta, abin da kake nema yana ciki. Haka Oracle, in kuna da babbar sigarsa da ke ɗauke da wannan. In MySQL ka gada kuma babu kuɗi ko lokacin ƙaura, raba asusun root ɗin nan yau, yi muƙamai, sa tagogi a kan tebura biyu ko uku mafiya haɗari, sauran ka bar wa manhaja. Kwaɗon manhaja shi kaɗai kuwa zan yarda da shi ne kawai inda ƙofa ɗaya ce tak, mutum ɗaya ke rubutawa, kuma abin da ke ciki ko ya fita ba zai raba aure ba, kamar lissafin buhunan dankali a shagon Farin Gada. Ko a sauran hanyoyin ma manhaja ba ta ajiye aikinta ba: dokoki irin "ba a mayar da kuɗi sai manaja ya amince" wurinta suka fi zama.

A asibitin, manhajar a kan MySQL take, don haka tagogi muka fara sawa a kan rasit da gwaje-gwaje cikin makon, ƙaura zuwa PostgreSQL ta biyo baya da aka zo sabunta manhajar. Rasit ɗin mai karɓar kuɗi yanzu "ɗakin gwaji" kawai yake nunawa da jimilla. Da muka zo tantance asusun ma'aikata kuma, sai ga na masu bautar ƙasa biyu da suka gama shekararsu suka koma garuruwansu tuntuni, asusun na nan da ransa, ɗaya ma an shiga da shi a satin. Masu shiga rumbun kai tsaye yanzu da VALID UNTIL ake buɗe musu, kalmar sirrin ta mutu ranar da aka rubuta, na cikin manhaja ma an sa musu ranar ƙarewa. Wanda ke shiga da asusun mai bautar ƙasar, da aka bincika, mai haɗa magani ne na reshen Terminus: ya manta tasa kalmar sirrin tun watan azumi, kuma yana jin nauyin ya tambaya.